Sauran da Kyanwoyi Suka Ci

Ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Shekararsa talatin da biyar yanzu, kuma ko a takardar nan ba zan rubuta shi ba. Ɗan fari ne, sannan sunan mahaifina aka sa masa. A garinmu Kurugu ba wanda zai tambaye ka ƙarin bayani. Ana yaye shi yayata ta zo ta goye shi ta tafi da shi Jajaye inda take aure, can ya tashi. Idan ya zo gida da salla ya durƙusa a zaure ya gaishe ni, sai in kalli wani gefen in ce, “Lafiya lau, ya mutanen gidan?” Iyakar zancenmu ke nan. In ina da magana da shi, babur nake hawa in je Jajaye in faɗa wa gwaggonsa. In shi ke da magana, ita za ta aiko. A haka ya gama makaranta, ya karanta aikin jinya, ya tafi Jamus. Tafiyar ma daga bakinta na ji.

Ni manomi ne, dawa da gyaɗa. Karatuna allo ne da aji huɗu na firamare. Da idona na hagu ya yi yana, na dama ma ya fara, yaron ya aiko wa gwaggonsa cewa in shirya, zai ɗauke ni a yi mini aiki a can. Na ce ai a Kano ma ana yi. Ta ce, “Za ka je.”

Ranar da na je yi mata sallama na tarar da ita a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura. Ta turo mini leda mai ƙulli uku: garin dawa wajen mudu guda, da kuka, da daddawa.

“Zauna ka ji,” in ji ta. “Yaron nan shekara shida bai zo gida ba. Ka san dalili?”

“Aiki ne.”

“Ba aiki ba ne. Na tambaye shi. Cewa ya yi in ba ni ba, wa zai zo gani? Wai ubansa bai taɓa kallon fuskarsa ba.”

“Haba Yaya, ke kin san kunya ce.”

“Ni na sani. Shi ma da can ya sani. Amma ya daɗe cikin mutanen da ba su san ta ba. Dubi ƙafafuna. In na mutu wa zai riƙa kai muku saƙo? In ka je ka dawo yadda ka tafi, to ka sa a ranka ɗan nan ya zama nasu.”

Na ce to. Ban san me zan yi da maganar ba, sai na ɗaure ta tare da ledar.

Aikin ido bai yi wuya ba. A gidansa na Jamus ma ba mu takura wa juna ba. Da asuba yake fita, ya bar mini abinci a rufe, in ci ni kaɗai. Kafin ya dawo na shige ɗaki. Sati uku muka yi a haka, ban yi komai a kan maganar Yaya ba. Sai wata rana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya ɗauki hutun sati guda, za mu je wani ɗan tsibiri a ƙasar Girka in sha iska kafin in koma gida. Na ce iskar nan ma ta ishe ni. Ya ce ya riga ya kama mana wuri.

Jirgin sama muka hau, daga nan jirgin ruwa. Ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba sai ran nan, kuma ban ji daɗin ganinsa ba. Tsibirin dutse ne tsantsa, da fararen gidaje da bishiyoyin zaitun da awaki. Na duba ƙasar na ce a raina ko gujiya ba za ta yi a nan ba.

Masaukin ɗakuna shida ne kewaye da tsakar gida. Mai gidan wata tsohuwa ce gajera mai baƙar riga. Ta buɗe mana namu, ta shiga gabanmu tana ta magana da yaron da Turanci. Uwar ɗaki guda da gado, sai falo da doguwar kujera da ake buɗe ta ta zama gado, sai baranda mai kallon ruwa. A kusurwar falon akwai ɗan kicin. Ta buɗe durowa ta nuna tukwane, ta nuna cokula, ta kunna murhun lantarki ta kashe, ta buɗe firji babu komai ciki sai gorar ruwa. Ta miƙa makulli ta tafi.

Na yi alwala muka yi la'asar, na zauna a baranda ina jira. A wurinmu baƙo in ya sauka, ko mai gida ba shi da komai zai aiko da ruwan fura. Rana ta yi ƙasa, shiru. Yunwa ta fara cina, ga shi baƙo ba ya tambayar abinci. Da abin ya ishe ni na ce, ina kallon ruwa, “Kai, matar gidan nan ba ta aiko da komai ba?”

“Baba, ba a aikowa. Ɗaki kawai ake ba ka, kai za ka dafa abinka.”

“Baƙo ya dafa?”

“Don haka ma na zaɓi nan. Ka ce ba ka cin naman da ba ka san wanda ya yanka ba.”

Ya ɗauki jaka ya fita. Ya dawo da shinkafa da tumatir da albasa da man zaitun da kifi guda biyu manya. Ina jin sa yana yanke-yanke. Namiji ɗan shekara talatin da wani abu yana soya wa ubansa kifi. Ban leƙa ba.

Tebur ɗin cin abincin shi ne matsalar. Ƙarami ne, kujeru biyu suna fuskantar juna, in an zauna gwiwa za ta taɓa gwiwa. Ya jera faranti biyu a kai, ya ce, “Baba, bismilla.” Na zo na ɗauki nawa na wuce baranda na zauna a ƙasa. Ban yi don wulaƙanci ba. Ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, hannuna ba zai iya ba. Ban waiwaya ba, amma ban ji an ja kujera ba. A tsaye ya ci nasa a kicin.

Kifin ya yi daɗi. Na ci kai da wutsiya, na bar tsakiyar, inda tsoka take, na gyara ta a gefen faranti da ɗan shinkafa. Haka mahaifina yake yi mana. In ya ci tuwo sai ya bar saura, da naman da ya fi kyau a kai, ya ce a miƙa wa wane. Wanda aka miƙa wa ran nan ba ya taka ƙasa. Ƙannensa duk sun ci saurana, har faɗa suke yi a kai. Shi kaɗai ne bai taɓa ci ba, tunda ba a gidana ya tashi ba. Na ce a raina, to ga dama ta samu, kuma ba sai na yi magana ba. Na tura farantin bakin ƙofar falo na ce, “Alhamdu lillahi.” Ya zo ya ɗauke. Na ji sanyi a raina, na ce na fara aikin Yaya.

Washegari haka, jibi ma haka. Da safe burodi da shayi da ƙwai, in bar masa gwaiduwa. Da rana da yamma kifi, in bar masa tsakiya. Tsakanin nan yakan ce mu zagaya. Mu sauka bakin ruwa, yana gaba ina baya, ko ina gaba yana baya. Turawa kwance a rana kamar an shanya rogo. Ni dai idona a ƙasa, sabon idon ma da aka gyara na ce da an bar shi da yanarsa. Tsofaffin garin suna zaune a ƙofar shago suna jan carbi ba tare da sun ambaci komai ba. Wurin da muke matsowa kusa da juna salla ce kawai. Yakan duba alƙibla a waya, in shige gaba kaɗan, ya tsaya a damana, kafaɗarsa na taɓa tawa. Muna sallamewa kowa ya ja gefe.

Rana ta uku, bayan azahar, na ci na tura faranti kamar kullum. Sai na tuna na bar hulata a kan igiya a tsakar gida, na fito ta ɗaya ƙofar. Ga yaron a tsugunne a bayan ɗakin, kyanwoyi wajen bakwai sun kewaye shi. Garin nan kyanwa ta fi mutane yawa. Yana kankare farantina da cokali yana zuba musu. Tsakiyar kifin da na gyara da hannuna, wata jar kyanwa mai ido ɗaya ta ja ta ta shige ƙarƙashin tukunyar fure. Yadda suka san wurin, na gane ba yau aka fara ba.

Na ɗauki hulata na koma baranda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato sauran ubansa ƙazanta ce a wurinsa. Na ce Yaya ta makara, ɗan nan ya riga ya zama nasu.

Da yamma tsohuwar ta zo canza tawul. Ta gan ni a ƙasa a baranda da faranti, ta ga yaron a tsaye a kicin da nasa, ga tebur a tsakiya ba kowa. Ta riƙe ƙugu ta yi masa magana. Ya yi wata ƴar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ba ta amsa. Ta girgiza kai ta fita.

“Me ta ce?” na tambaya.

“Ba komai, Baba.”

“Ba komai ba ya sa mutum girgiza kai.”

“Cewa ta yi ko faɗa muka yi.”

“Ka ce mata me?”

“Na ce mata haka muke.”

Ya buɗe famfo ya fara wanke tukunya. Can, bai juyo ba, ya ce, “Baba, in girkina ne ba ka so, akwai gidan abinci a bakin ruwa, kifi kawai suke yi. Gobe sai in kai ka.”

“Wa ya ce ba na so?”

“Kwana uku kana dawo mini da shi. Kan kifin da wutsiya kawai kake taɓawa. Na canza kifin, na rage gishiri, na ƙara yaji, duk ɗaya. A Jamus ma ban san ko kana ci ba ko zubarwa kake.” Ya kashe famfon. “Na san ba ka son zama da ni. Na ɗauka ko abincin za ka ci.”

A nan ya kamata in yi magana. Shekara talatin da biyar ba na ce masa abin da ya wuce kalma biyar, ba a yini guda harshe zai sake ba. Na ce, “Lokacin magariba ya yi.” Muka yi salla, kafaɗa na taɓa kafaɗa, kowa da abin da ke cikinsa.

Amma na gane abu ɗaya. Ba raini ba ne. Yaron bai san saura ba. Wa zai koya masa? Mijin gwaggonsa ya rasu tun yaron yana ƙarami, ni kuma ban taɓa miƙa masa ba. Ni ina ba shi, shi yana ganin ina mayar masa.

Da safe ya ce zai hau mota zuwa ɗaya gefen tsibirin ya sayo mini maganin ɗigawa a ido, sai azahar zai dawo. Na ce Allah ya kiyaye. Yana fita na buɗe jakata na ciro ledar Yaya. Tun daga gida take ciki, kunya ta hana ni ba shi.

Ban taɓa tuƙa tuwo ba. Amma na shekara hamsin da wani abu ina ganin ana yi. Na duba durowar tsohuwar kaf, babu muciya, sai wani cokalin katako siriri da ko kunu ba zai dama ba. Na fita bayan gida. Mijin tsohuwar yana sassabe zaitun, ya tara rassa. Na yi masa sallama da hannu, na nuna wani reshe mai kaurin damtsen yaro. Ya dube ni, ya dubi reshen, ya miƙo mini har da wuƙarsa. Na zauna a kan dutse na feƙe shi na kankare ɓawon. Itacen da tauri, ya fi marke. Tsohon yana tsaye yana kallo. Da na gama na nuna masa yadda ake juyawa a tukunya, ya yi dariya ya ce wani abu, ni ma na ce masa, “Haka ne.”

Murhun ya ba ni wahala. Babu harshen wuta, baƙin faranti ne kawai, ba ka sanin ya kama sai ka kai hannu. Na kai hannu kuwa. Na ɗora ruwa, ya tafasa, na dama gari da ruwan sanyi na zuba na yi talge. Har nan lafiya. Da na fara zuba gari ina tuƙawa, tukunyar ta fara yawo a kan murhun, ba nauyi gare ta ba, kuma ba wanda zai riƙe mini. Na sauke ta ƙasa na danne da ƙafafuna da tawul ɗin tsohuwar, na tuƙa har kafaɗata ta yi ƙara. Na tuna matata tana yin wannan kullum na mutum goma sha ɗaya, ba ta taɓa cewa komai ba. Na mayar a wuta ya turara.

Miya kuma, na daka daddawa da gindin kofi, na yanka albasa, na sa ragowar kifin da ke firji, na zuba man zaitun tunda shi ke akwai. Babu maburgi, da cokali mai yatsu na kaɗa kukar. Warin daddawa ya cika tsakar gida. Wata Baturiya a ɗakin da ke kusa ta leƙo ta rufe tagarta.

Faranti ban taɓa su ba. Akwai wani babban kwanon tangaran da suke haɗa ganye a ciki, shi na ɗauko. Na kwashe tuwon da ƙaramin kofi na jera a ciki, na zuba miya a kai, na ɗora kifin. Na ja teburin nan na kai shi jikin bango, na shimfiɗa zanen gado a ƙasa a tsakiyar falo, na ajiye kwanon da ruwan wanke hannu. Na ɗiba kaɗan a wani kwano na kai wa tsohuwar, don ba a girki maƙwabci ya ji ƙamshi kawai. Ta karɓa tana leƙa ciki.

Ya shigo da ledar magani a hannu ya tsaya a ƙofa. Ya dubi teburin a jikin bango, ya dubi kicin, gari ko'ina har kan firji, ya dubi kwanon.

“Baba, wa ya yi wannan?”

“Kai, wanke hannu ka zauna.”

Ya waiga yana neman faranti.

“Ba faranti. Nan za ka sa hannu.”

Ya zauna a ɗarare, can bakin zanen. Na ce ya matso. Na yi bismilla na yanki loma na kai baki a gabansa. Na kora da ruwa, na sake yankar wata. Shi ma ya sa hannu. Muka yi ta ci. Da muka zo kan kifin na cire kai na ajiye gabana, na tura tsakiyar gabansa da yatsa. Ya turo mini. Na sake tura masa.

“Ci. Wanda nake bar maka ne kake ba kyanwa.”

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

“Bar mini?”

“To wa zan bar wa? Uba ba ya cinye kwano. Ƙannenka duk sun ci. Kai ne ba ka nan.”

Ya sunkuyar da kai ya daɗe. Ni kuma a lokacin na dube shi sosai, da idon da ya biya aka gyara. Akwai furfura biyu-uku a gemunsa. Goshin mahaifina ne sak. Ya ɗauki kifin ya ci, a hankali, har ya tsotse ƙayar. Ya goge ido da bayan hannu ya ce yaji ne. Babu yaji a miyar, na manta ban sa ba.

Can ya ce, “Baba, tuwon nan akwai gudaji.”

“Ci da su. Kai da ka ƙona albasa shekaranjiya, na yi magana?”

Ya yi dariya har ya ƙware. Ban taɓa jin dariyarsa kusa haka ba, irin ta gwaggonsa ce.

Da yamma tsohuwar ta dawo da kwanon, ta ciko shi da ɓaure, manya, ba irin namu ba. Na ce wa yaron ashe su ma ba sa mayar da kwano haka nan. Ya tambaye ta ko ta ci, ta ce ya yi daɗi ƙwarai. Ina zargin jar kyanwar nan ce ta san gaskiya.

Kwana ukun da suka rage a ƙasa muka ci, kwano ɗaya. Teburin yana jikin bango har muka tafi. Ba wai mun zama abokan hira ba. Ya tambaye ni gonar bakin rafi ko har yanzu tana yin gyaɗa, na ce ta gaji, sai taki. Na tambaye shi ko aikin dare yana wahalar da shi, ya ce ya saba. Irin wannan dai. Ranar tafiya na wanke muciyar zan sa a durowar tsohuwar, ko wani baƙon zai buƙata. Ya karɓe ta ya sa a jakarsa.

Da na dawo na je Jajaye. Yaya ta ce, “To?” Na ce, “Mun ci tuwo.” Ta ce, “Kwano nawa?” Na ce ɗaya. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ce a kawo mini fura.

Da kaka yaron ya zo gida, ana cikin cirar gyaɗa. Wannan karon wayata ya kira ya faɗa mini ranar, ba ta Jajaye saƙon ya biyo ba. Ya kwana biyu wurin gwaggonsa, sauran kwana goma a gidana. A zaure muke ci, ni da shi. Ƙanena ya shigo ya gan mu hannu cikin kwano ɗaya, ya tsaya ya ce, “Yaya, lafiya?” Na ce, “Lafiya lau. In za ka ci wanke hannu.”

Sunan dai har yau ban kira ba, kuma ba na jin zan kira. “Kai” nake ce masa, yana amsawa.